Kundin Zaman Ƙarfafa Zuciya a Gadarif, 2024 zuwa 2025

12 Janairu 2024

Mun fara zaman yau bayan sallar La'asar, a farfajiyar makarantar firamaren unguwarmu da ke nan Gadarif a gabashin Sudan, kuma na ga ya dace in riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya, domin 'yan'uwanmu na Kano da Damagaram da Makka da suke yawan tambaya su san halin da ake ciki, wanda kuma yake son yin irinsa a wani gari ya sami abin dubawa.

Tun da dakarun RSF, rundunar da take yaƙi da sojojin Sudan, suka shiga Wad Madani a ranakun 18 da 19 ga Disamban da ya wuce mutane suke kwararowa ta hanyar Fawu, wasu a bayan manyan motoci, wasu da ƙafa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum rabin miliyan ne suka bar gidajensu a jihar Jazira, kuma da yawa daga cikinsu gudu na biyu suke yi, domin Madani ce ta ba su masauki lokacin da yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023. Makarantu a rufe suke tun wancan lokaci, sai azuzuwan suka zama ɗakunan kwana, ana raba aji ɗaya da zannuwa tsakanin iyalai. Matasan unguwa sun kafa takiya, wato wurin dafa abincin sadaka na jama'a, ana dafa adas da ful, nau'o'in wake, a manyan tukwane, kowane gida ya aiko da kwanonsa. Ciki dai ana kula da shi gwargwadon hali. Wanda ba a yi wa tanadi ba shi ne magidancin da watan jiya yake da shago da gida da yaran aiki, yau kuma yana zaune a kan angarib, wato gadon igiya, na aro tun hantsi har magariba bai ce uffan ba, da kuma uwar da take amsa gaisuwa da "lafiya lau" alhali ba ta san inda ɗanta ya kwana ba.

Abin da muka tsara, ni da limamin masallacinmu da yayata, shi ne zaman maza kowace Juma'a, zaman mata kuma kowace Litinin a ƙarƙashin kulawar yayata. Za a karanta aya ko hadisi a kan jarrabawa da haƙuri, a tattauna, a rufe da addu'a. Abin da mutane suka faɗa mai amfani zan rubuta shi a littafi da izininsu, ba tare da sunan kowa ba, daga baya a naɗe shi da murya a tura wa waɗanda ba su iya zuwa. Da Hausa za a yi zaman, ko da yake samarinmu da yawa Larabci ya fi zama a bakinsu, saboda akwai dattawan da Larabcinsu na kasuwa ne da gaisuwa, abin da yake cin ransu kuwa sai da Hausa yake fita.

26 Janairu 2024

An sami saɓani a kan yadda za a tafiyar da zaman, kuma ina ganin makomar aikin duka ta rataya a kansa, shi ya sa zan tsawaita.

Wani malami baƙo da aka ba dama ya yi nasiha ya shafe lokacinsa yana bayanin cewa babu wata musiba da take sauka face da abin da hannayen mutane suka aikata, ya lissafa riba da tauye mudu da sakaci da salla. Yana tsaka da magana sai wani dattijo daga Madani, wanda harsashi ya sami babban ɗansa a ƙofar gida, ya naɗe buzunsa ya fita. Babu wanda ya tsayar da shi. Bayan an tashi, malamin ya ce mini: "Malam, gaskiya ɗaci gare ta, kuma ba a ɓoye wa mara lafiya sunan cutarsa."

Ban musa cewa al'umma tana buƙatar tuba ba, amma ban yarda cewa wannan ce maganar da ta dace da kunnen wanda bai gama zaman makokin ɗansa ba. Wanda ya ji irin wannan wa'azi a irin wannan hali, abin da zai ɗauka shi ne zunubinsa ne ya kashe ɗansa, kuma babu mai ikon yanke wannan hukunci a kan wani bawa. Ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa annabawa su ne mafiya shan jarrabawa, sannan waɗanda suka fi kama da su. Annabi Yaƙubu ya yi kukan rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani bai zarge shi da gazawa ba, sai ma ya kawo mana a aya ta 86 ta Suratu Yusuf cewa Allah kaɗai yake kai wa ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa. Kuma a ranar da Ibrahimu ɗan Ma'aiki ya rasu, idanun Ma'aiki sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba za mu faɗi komai ba sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Idan haka ne, to kuka da haƙuri suna iya zama a zuciya ɗaya, kuma duk wanda ya hana mai baƙin ciki kuka da sunan addini ya ɗora masa nauyin da addini bai ɗora masa ba.

Liman ya goyi bayan wannan ra'ayi, muka tsayar da ƙa'ida: ba za a ce wa kowa "yi haƙuri" ba sai an fara sauraronsa har ya kai aya. Za a karanta nassi a taƙaice, sannan malamai su yi shiru, a bar masu rauni su yi magana idan sun so. Liman da kansa ya je ajin da dattijon yake kwana, ya zauna da shi tsakanin Magariba da Isha'i, bai yi masa wa'azi ba, sai tambayarsa da ya yi irin halin marigayin da sana'ar da yake yi.

25 Fabrairu 2024

A farkon watan nan layukan waya da intanet sun ɗauke a kusan dukkan ƙasar. Manhajar Bankak, wadda ta cikinta 'yan'uwa na Saudiyya da sauran wurare suke turo taimako, ta daina aiki, tukunyar takiya ta ragu, naɗar murya da muka yi niyya ta tsaya. Abin da ya fi kowanne tsanani shi ne yankewar labari, domin mutane da yawa sun baro tsofaffi da marasa lafiya a ƙauyukan Jazira.

Zaman ya sauya da kansa. Kowa yakan ambaci wanda ya bari a baya da sunan garinsa, a yi masa addu'a tare, sannan a rubuta saƙo a takarda a ba direbobin da suke kutsawa ta ƙauyuka. Na lura cewa mutumin da ya ambaci sunan mahaifiyarsa a gaban jama'a, ya ji bakuna da yawa sun ce amin, yakan tashi da sauƙin da bai zo da shi ba, ko da kuwa babu labarin da ya iso.

24 Maris 2024, 14 ga Ramadan

Azumi ya kama ranar 11 ga wata, kuma unguwa ta riƙe al'adar ƙasar nan ta shimfiɗa tabarmi a bakin titi lokacin buɗa-baki, kowane gida ya fito da tirensa na asida da balila da hilu-mur, a tare duk mai wucewa a rantse masa sai ya zauna. Da farko baƙinmu sun ji nauyin zama hannu rabbana, sai liman ya karanta hadisin Ash'ariyyawa, mutanen da idan guzuri ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, har Ma'aiki ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Tun daga ranar, mai dabino biyu ma yakan ajiye su a tire ya zauna da ƙwarin gwiwa.

Babban ci gaban wannan wata daga ɓangaren mata ya zo. Akwai iyalai a garin nan da suka iso tun kafin wannan yaƙi, bayan rikicin jihar Nilul Azraƙ na watan Yulin 2022, wanda ya ci rayuka fiye da ɗari a yankin Rusairis da kewayensa, ya sake tashi a watan Oktoba a Wad al-Mahi ya ci fiye da ɗari biyu, ya kuma raba dubban Hausawa da gidajensu. Ɗaya daga cikinsu, wata dattijuwa da kowa yake kira Inna, ta fara zuwa zaman Litinin da ƙullin garin gero, tana dama godogodo tana rabawa. Yayata ta ba ni labarin yadda ta yi da wata matashiya da mijinta ya ɓace a hanya, wadda tun isowarta ba ta cin abinci sai an matsa mata. Inna ba ta gaishe ta da doguwar gaisuwa ba. Ta zauna a gefenta a ƙasa, ta ajiye ƙwarya a tsakaninsu, ta fara tsefe mata kan da ya cukurkuɗe, a hankali, daga ƙeya. Can sai ta ce: "'Yata, ni ma na yi wata uku ban san ɗanɗanon gishiri ba. Ba zan ce miki zai wuce gobe ba. Amma riƙe mini ludayin nan, hannuna ya gaji." Yarinyar ta karɓa ta ci gaba da damawa, da ta gama kuma ta sha. A Litinin ɗin da ta biyo baya ita ce ta hura wuta.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Mu da muke karanta nassi muna da abin faɗa, amma Inna tana da abin da ba mu da shi, domin ta bi hanyar da ƙafarta, kuma mai rauni yana gane wanda ya taɓa jin irin ciwonsa. Sannan ba ta tsaya ga rarrashi ba, ta miƙa wa yarinyar aiki, ta mayar da ita mai ba wasu bayan ta saba da zama mai karɓa. Mun yanke shawarar neman sauran mutanen 2022, maza da mata, mu roƙe su su riƙa zama tare da mu, su ne a gaba, mu a baya.

19 Mayu 2024

Aikin rubutu ya ɗan yi nisa. Ina rubuta maganganun da ajami domin dattawa su iya dubawa su gyara, sannan in juya su zuwa boko saboda masu karatu na ƙasar Hausa. Wasu sun janye izininsu bayan sun ji an karanta musu abin da suka faɗa, na kuma yage shafukan a gabansu, domin amana ta fi littafin daraja. Wani ɗalibin jami'a da karatunsa ya tsaya ya karɓi aikin naɗar murya da wayarsa, muna tura saƙo ɗaya a mako ta WhatsApp, gajere ƙwarai saboda raunin layi.

7 Yuli 2024

Sinja, hedikwatar jihar Sinnar, ta faɗa hannun RSF a ƙarshen watan Yuni, bayan an kama Jabal Moya, kuma sabon ayari ya iso mana ta hanyar Dindir a tsakiyar damina. Wanda ya san baƙar lakar wannan yanki ya san abin da tafiya a cikinta take nufi: mota takan kafe, takalmi yakan tsinke, a ɗauki tsoho a kafaɗa ana zamewa. Sun iso da ƙafafu a kumbure, yara da zazzaɓi, wasu kuma sun binne nasu a gefen hanya ba likkafani.

Hankalin kowa a nan ya tashi saboda garin Mai Wurno, domin da wuya a sami gidan Bahaushe ko Bafulatani a Gadarif da ba shi da dangi a can, ga shi hanyoyin Sinnar sun toshe. A zaman Juma'a wani tsoho ɗan asalin garin ya tuna mana yadda aka kafa shi. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira da jama'arsa zuwa gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen, suka keta ƙasar Chadi ta yau da Darfur da Kurdufan har suka sauka a gaɓar kogin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar. Wasu kakanninmu kuma mahajjata ne da suka yi shekaru a hanya da ƙafa, suna noma a gari su tara guzuri su ƙara gaba, da niyyar tsallaka teku daga Sawakin zuwa Jidda. Tsohon ya ce: "'Ya'yana, kakanninmu sun iso ƙasar nan da allo da buta da iri a ƙulle a bakin zane. Da sun zauna suna lissafin abin da suka bari a Sakkwato, da babu ɗayanmu a nan." Ba na son a riƙa amfani da tarihi wajen rage wa mutum girman asararsa, kuma na faɗa masa haka bayan zaman, ya ce shi ma ba nufinsa ke nan ba, so yake samari su san cewa jininsu ya taɓa ganin irin wannan rana, bai kuma ƙare a cikinta ba.

Abin da ya sa na rubuta wannan shafi da farin ciki duk da halin da ake ciki shi ne mutanen Madani. Su ne suka tari mutanen Sinja a tasha, su ne suka matsa suka ba da rabin aji, su ne suka nuna musu inda ake rajista da inda ake ɗiban ruwa. Dattijon nan da ya naɗe buzunsa ya fita a watan Janairu shi ne ya jagoranci gayyar kafa rakuba, wato rumfuna, a bayan makaranta, ana ruwa yana saman tsani yana ɗaure zana. Da ya sauko na ji yana gaya wa wani da shi ma ya rasa ɗa cewa: "Ɗan'uwa, ban warke ba, kar in yi maka ƙarya. Amma ranar da na yi wa wani aiki ina samun barci." Na nemi izininsa na rubuta wannan magana, ya ce in rubuta.

25 Agusta 2024

Hukumomin lafiya sun bayyana ɓarkewar kwalara a wannan wata, Kasala da Gadarif suna cikin wuraren da ta fi ƙamari, kuma ta shigo makarantarmu. Mun dakatar da taruwa. Wasu sun ga kamar raunin imani ne a fasa majalisin ambaton Allah saboda tsoron cuta, sai liman ya tuna musu umarnin Ma'aiki cewa kada a shiga garin da annoba ta sauka, wanda yake ciki kuma kada ya fita, da kuma amsar da ya ba mai raƙumi cewa ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Mutanen zaman sun rarrabu gida-gida biyu-biyu, da abin da ma'aikatan lafiya suka koya mana: a tafasa ruwa ko a sa masa kulorin, a wanke hannu da sabulu bayan bayan gida da kafin cin abinci, wanda zawo ya kama kuma a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a garzaya da shi cibiyar jinya. Wuri mafi wuya shi ne jana'iza, domin an hana dangi wanke gawar wanda cutar ta kashe yadda aka saba, an kuma hana cin abinci a kwano ɗaya wurin makoki. Mata sun fi jin zafin wannan. Yayata da Inna suka riƙa tsayawa daga bakin ƙofa suna yin ta'aziyya, suna koya wa masu makoki addu'ar da Ummu Salama ta yi lokacin da mijinta ya rasu, ta neman lada a kan musiba da musanyen abin da ya fi alheri. Inna ta kamu, ta kwana biyu a cibiyar, Allah Ya tashi kafaɗunta.

3 Nuwamba 2024

Tun daga 20 ga Oktoba ake kai hare-hare a garuruwan gabashin Jazira, irin su Tambul da Rufa'a da ƙauyukan da ke kewaye da su, kuma waɗanda suka tsira suna isowa nan da Kasala da Halfa Sabuwa. Adadin waɗanda suka rasa matsuguni a cikin ƙasar ya haura miliyan 11 a lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mun koma zama, amma wannan ayari ya nuna mana iyakar abin da zama irin namu yake iyawa.

A cikin matan da suka iso akwai waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar da ba a faɗa a majalisi, kuma babu kalma ɗaya daga labarinsu da za ta shiga wannan kundi ko saƙon murya. Yayata takan gana da su ɗaya bayan ɗaya, ta raka wadda ta yarda zuwa wurin ungozoma ko likita mace, domin akwai magungunan da amfaninsu yake ga samun su da wuri. Akwai kuma samarin da ba sa barci, da wanda ya fara cewa mutuwa ta fi masa. Irin wannan ba ma barinsa shi kaɗai, kuma ba ma wadatuwa da tofi, muna haɗa shi da ma'aikacin lafiya, domin neman magani ba ya warware tawakkali.

A zaman maza na yi magana da kakkausar murya a kan abu ɗaya, kuma zan maimaita shi a nan. Wadda aka zalunta ba ta da laifi a wurin Allah, abin kunyar yana kan azzalumi. Mijin da ya saki matarsa saboda abin da aka yi mata da bakin bindiga, ko uban da ya juya wa 'yarsa baya, ya ƙara zalunci a kan zalunci, kuma ba shi da bakin da zai yi wa wani wa'azin haƙuri. An yi tsit, wasu ba su ji daɗi ba. Bayan Isha'i wani magidanci ya same ni a ƙofar masallaci ya ce: "Malam, ka yi mini addu'a Allah Ya ba ni ikon riƙe iyalina." Mun daɗe a tsaye.

15 Disamba 2024

An gama yankan riɗi, an shiga na dawa, maza da yawa sun tafi manyan gonakin da ke kudancin gari aikin ƙodago, saboda haka zaman Juma'a ya ragu, kuma wannan ragi ne da nake maraba da shi. Wani mai agashe, wato tsiren ƙasar nan, daga Madani ya sami aron tire da wuƙa ya kafa teburinsa a bakin kasuwa, ya ɗauki marayu biyu daga makaranta yana koya musu yanka nama da haɗa yaji da ƙuli. Ya ce abin da ya iya ke nan, ba shi da ilimin da zai karanta wa kowa aya. Na ce masa abin da yake yi shi ne fassarar ayar.

Sojoji sun karɓe Sinja ranar 23 ga Nuwamba, wasu iyalai sun fara aika mutum ɗaya ya dubo gida. An kuma fara canjin takardun fam 500 da 1,000 tun 10 ga wata, samarin zaman suna raka tsofaffin da ba su taɓa buɗe asusu ba zuwa layin banki.

24 Janairu 2025

Ranar 11 ga wata labari ya zo cewa sojoji sun shiga Wad Madani. Gadarif ta cika da guɗa da kabbara da ƙahon motoci har dare. A cikin makaranta kuwa murnar ta zo a gauraye, domin akwai waɗanda komawa take nufin tsayawa a kan kabarin da aka haƙa a tsakar gida, da waɗanda suka san maƙwabcin da ya nuna gidansu ko ya sayi kayansu a kasuwar sata. Ga kuma rahotanni masu tayar da hankali na ramuwar gayya a kan mazauna wasu kanabi, matsugunan ma'aikatan gona na Jazira, inda talakawa 'yan asalin yammacin ƙasar suka yi shekaru masu yawa suna noman auduga da alkama.

Saboda haka zama biyu na ƙarshe a kan fushi muka yi su. Mun karanta ƙarshen Suratu Yusuf, inda Annabi Yusufu ya sami iko a kan 'yan'uwan da suka jefa shi rijiya, ya ce musu babu zargi a kansu a yau. Wani saurayi ya miƙe ya ce: "Baba Liman, Yusufu ya yafe ne bayan sun amsa laifinsu. Namu ko kunya ba su ji ba." Liman ya ce ya yi gaskiya, kuma babu wanda zai tilasta masa yafiya, haƙƙinsa ne ya nema a gaban shari'a, ya kuma kai ƙara wurin Allah. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya ɗauki fansa a kan wanda bai yi masa komai ba saboda ƙabilarsa ko unguwarsa. A nan mutanen 2022 suka karɓi magana, domin su sun san yadda ake ƙone gidan mutum saboda sunan ƙabilarsa kawai, kuma wani daga cikinsu ya ce ba ya fatan ko maƙiyinsa ya ga abin da ya gani, balle a yi shi da hannun ɗansa. Ban san ko saurayin ya gamsu ba, amma ya dawo zama na gaba, ya kuma nemi a ba shi aikin rakiyar tsofaffin da za su koma.

18 Afrilu 2025

Yaƙin ya cika shekara biyu a wannan mako, bai kuma ƙare ba, ko da yake sojoji sun karɓe fadar shugaban ƙasa da filin jirgin saman Hartum a watan Maris. A Darfur da Kurdufan wuta tana ci, kuma muna ambaton mutanen Fashir a kowace addu'a. A nan azuzuwa suna ta yin fili, motoci suna tashi zuwa Madani da Sinja kusan kullum, hukuma kuma tana son a mayar da makarantar ga ɗalibai, abin da muke goyon baya. Zaman maza zai koma masallaci, na mata kuma gidan yayata.

Kundin ya kammala a ajami, juyin boko ya kai kusan kashi biyu cikin uku. Mun kwafi na ajamin da hannu da kuma injin kwafi na kasuwa, duk ayarin da zai tashi ana ba shi ɗaya. Dattijon Madani ya tafi da nasa makon jiya, da niyyar fara zama a masallacin unguwarsu da ƙa'idar da muka bi a nan, a saurara kafin a yi nasiha, a kuma ba mai baƙin ciki wani aiki da zai yi wa wani. Matashiyar da Inna ta tsefe wa kai ba ta sami labarin mijinta ba har yau, ta zaɓi ta zauna, kuma ita ce za ta riƙa jagorantar zaman Litinin duk ranar da yayata ba ta nan. Inna kuwa ta ce ba ta da inda za ta koma tukuna.

Sauran aiki biyu ne a gabanmu. Yara ba su sami kasonsu ba, alhali akwai waɗanda har yanzu suke shigewa ƙarƙashin angarib idan babur ya yi ƙara, kuma muna neman malamar makaranta da ta san yadda ake bi da su, mun yi magana da biyu, muna jiran amsa. Sannan akwai shafuka na mutanen da suka tafi kafin a karanta musu abin da na rubuta daga bakinsu, waɗannan ba za su shiga juyin boko ba sai an same su ta waya sun ji sun amince, ɗalibin da yake naɗar murya ya fara bin lambobinsu tun ranar Laraba.